Motar Yahaya Ba Ta da Kuloci

Asabar, bayan azahar

Da sunan Allah nake buɗe baki. Bayan haka, wannan rubutu ya fito daga hannu mai albarka na Alhaji Abubakar Sadiƙ Mai Tireloli, Garkuwan Direbobi, wanda ya je Makka har ya gaji da zuwa, wanda in ya yi tari a Gusau ake ce masa sannu a Tsafe. Ni ne shi. Na ga manya suna ajiye tarihinsu, na ce bari in ajiye nawa kafin Inna ta aike ni niƙa.

Cikin motocina masu ɗimbin yawa akwai wata ƙarama, ja, mai ɗaukar fasinja tsakanin Gusau da Tsafe. Sauran duk suna kan hanya, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganinsu. Ita wannan tana garejin Mamman Sani bakanike, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinta. Giyarta ta mutu. Otomatik ce, irin mai canza giya da kanta, direba nasa totur da birki kawai.

Direbanta Yahaya ne. Mutanen unguwa suna cewa wai yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, wai kuma da guminsa ya saye ta. Bakin mutane ai ba shi da murfi.

Yahaya ba ya nan. Tun farkon damina aka tsinci motar a gefen titi, an ɗan wuce dutsen Kwatarkwashi, ƙofofinta a buɗe, makulli a jiki, takalmin wata mata a kan kwalta. Mutanen daji sun shiga da shi da fasinjojinsa. Iyakar abin da Alhaji zai faɗa ke nan. Maganar giya muke yi.

Lahadi, da hantsi

Na kai ziyarar gani da ido gareji.

"Kai, ɗan banza, sauka bisa bonet ɗin mutane!" Ka ji irin tarbar da Mamman Sani yake yi wa Garkuwan Direbobi.

Ya zaro sandar gwajin mai ya kai min hanci. Man giya in yana da lafiya ja ne kamar zoɓo. Wannan baƙi ne kamar tawadar da ta kwana a kurtu, ga ƙauri.

Ya ce, "Ka ji ko? Dama tana zamewa, tun bara nike hwaɗa ma Yahaya. Ranan nan ta saki baki ɗai. Inji na ihu, mota ba ta tahiya. Wanda ke ciki ya taka totur har ƙasa, bai ɗaga ba, bai ɗaga ba, har abin da ke cikinta ya cinye kanshi."

Sai ya kalle ni, ya shiga goge hannun da ba abin da ya taɓa.

Hanya uku ya lissafa min. Ko ya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone, amma ba ya rantsewa za ta kai Sallah, don otomatik in an buɗe mata ciki ba ta yafewa. Ko a sayo wata ta Beljiyam daga Kaduna, ga tsada, ga shi cinikin biri a sama ne, sai an ɗaura kake sanin abin da ka saya. Ko a fitar da ita gaba ɗaya a mayar da motar manuwal. Akwai wata irinta da ta yi haɗari a bayan garejin, giyarta lafiya lau, kusan kyauta.

"A huda ƙasa a sa kuloci, shi ke nan. Ta yi ta aiki har jikokinka."

Na ce Alhaji zai zauna da 'yan majalisarsa. Ya jefe ni da tsumma.

Litinin, magariba

Wayar Inna ba ta yi ƙara ba. Na duba, akwai caji.

Talata, bayan la'asar

Majalisa ta zauna. Kawu Dogo, yayan Inna, ya zo daga Wanke da rabin buhun masara a bayan babur. Shi ya sayar da shanun huɗa da gonar da Baba ya bar mana, shi ya ɗauki abin da aka tara a cikin buhun taki ya kai inda aka ce a kai. Ya dawo shi kaɗai. Daga ranar lambar da ke kiran Inna ta daina kira.

Ya ce, "Kulu, masarag ga ita ta ta ƙarshe, sai kaka. Mota na kwance, gida na kwance. Yaron ga ya iya tuƙi tun yana wankin motoci tasha. A sa kulocin ga ya hita lodi, ku ci abinci."

Yaron da yake nufi ni ne. Tsufa ya sa ba ya gane manya.

Ga abin da kowa ya sani a tsakar gidan, ba wanda ya faɗa. Yahaya ƙafarsa ta hagu sandararriya ce. Tun yana acaba ya karye, ɗori bai yi kyau ba, gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Ba ya iya taka kuloci. Shi ya sa ya bi duniya yana neman otomatik, alhali duk tashar Tsafe manuwal ake ja. Direbobi suka sa mata suna motar Hajiya. Shi kuma ya ce su yi ta rawa da ƙafa biyu, shi da ɗaya yake riga su isa.

Inna tana tsintar wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ya dawo, da wace ƙahwa za shi taka?"

Kawu ya ce, "Kulu."

"Tambaya niy yi, Yaya."

A ɗaki, Zuwaira matar Yahaya tana lallashin goyonta. Sai muka ji ta daina.

Kawu ya ce Allah ya maido shi lafiya, in ya zo a sake shawara. Amma da ya tashi, ta gareji ya bi. Ya ce wa Mamman Sani ya fara aiki jibi.

Laraba, da walaha

Yau Alhaji ya yi magana da bakinsa. Ya ari wayar mai shayi, da yake nasa wayoyin suna hannun sakatarori. Ya cusa goro a kumatu biyu, don muryar arziki daga kumatu take fitowa. Dama Allah ya hore masa muryoyi. A makarantar allo ya taɓa korar yara gida da muryar Malam, ya sha bulalar da har yau yana iya karanta ta a cinyarsa.

Na tsaya a bayan gidanmu na kira.

"Da Muhammadu Sani nake magana? Alhaji Abubakar Sadiƙ ne Mai Tireloli, daga Abuja."

"Ranka shi daɗe."

"Yaron nan Yahaya yarona ne. Na ji wai za a huda masa mota. Kada wanda ya taɓa ta. Na yi odar giya sabuwa dal, otomatik, tana kan teku."

"To, ranka shi daɗe. Yaushe za ta iso?"

"Kai ka taɓa ganin teku?"

"A'a."

"To faɗi gare ta. Ka jira."

Na kashe, na yi dariya har na haɗiye goro. Da na gama dariyar na tarar ba wanda zan ba labarin. Yahaya ne mai jin irin wannan. Ya yi dariya tukuna, sannan ya ranƙwashe ni.

Alhamis, azahar

Ba a taɓa motar ba. Na ce alhamdu lillahi. Ban san abin da nake wa godiya ba.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Ba da gangan ba ne. Ina so a rubuta wannan. Ba da gangan ba ne.

Tun ina ƙarami nake kwaikwayon tafiyar Yahaya. Taku ɗaya, ja ɗaya. Ƙwas, shuu. Ƙwas, shuu. In ya shigo zaure ina bayansa ina yi, in ya waiwaya in tsaya ina kallon rufi. Ƙafata ta haddace abin fiye da yadda kaina ya haddace karatu.

Yau na dawo masallaci, hankalina yana wani wuri, na shigo zaure. Ban san ina yi ba sai da na ji ƙarar kwano ya faɗi a ciki. Zuwaira ta fito a guje, ba ɗankwali, hannunta duk kumfar wanki. Ta tsaya a ƙofar zaure. Ta kalle ni. Ta kalli bayana. Ta daɗe tana kallon bayana.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Komo, Zuwaira. Ba shi ba ne. Nashi ya hi nauyi."

Ba wanda ya zage ni. Na tsaya a zauren ina jiran a zo a dake ni, har aka kira la'asar.

Asabar, da safe

Waya shiru.

Lahadi, bayan ruwa ya ɗauke

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, garejin ya cika, sai an matsar da motoci tudu. Mamman Sani ya jefo min makulli, ya ce tunda ubangidan yayana ya hana a taɓa ta, in shiga da kaina.

Ban shiga cikinta ba tun ranar. Kujerar direba tana can baya, inda Yahaya yake tura ta don ƙafar ta miƙe. Da ƙyar yatsuna suka kai totur. Ban matso da ita ba. Na zauna a bakin-baki kamar baƙo. Carbinsa yana rataye a madubi. Akwai ɓawon gyaɗa a gefen giya. Da ƙanshin turarensa, mai arha, wanda nake cewa sauro ma gudunsa yake.

Na tayar, na sa ta gaba, na taka. Injin ya yi ihu, motar ba ta motsa ba. Na janye ƙafa kamar na taka garwashi. Wannan ihun Yahaya ya ji. Da shi a kunnensa ya ga suna fitowa daga cikin dawa.

Mamman Sani ya ce, "Sa ta ribas. Baya tana zuwa."

Na sa. Ta tafi sumul, ba gargada, kamar ba abin da ya taɓa samunta. Da za a bar ni, da baya zan tuƙa ta, in bi titin Tsafe, in wuce Kwatarkwashi, in yi ta komawa har in kai safiyar ranar, in ce masa yau kada ka fita, cikina ke ciwo. Ƙarya ai ba ta yi min wuya.

Na tsaya a tudu. Yaran gareji suka sa mata dutse.

Talata, da hantsi

Labarin Alhaji ya isa Wanke. Kawu ya ce Allah ya yi wa dukiyarsa albarka, har yanzu akwai mutanen kirki a ƙasar nan. Ya ce a jira tekun.

Masara ta yi ƙasa. Tuwo sau ɗaya. Zuwaira ta fara fitar da kwanonin jerenta, ɗaya-ɗaya, a ƙarƙashin hijabi, ta dawo da ƙullin gari. Tana tsammani ban gani ba. Garkuwan Direbobi yana ci, yana sa hannu biyu.

Laraba, bayan asuba ta waye

Inna tana sa Alhaji a addu'a. Na ji da kunnena, da cikakken sunansa, har da Mai Tireloli.

Da ta shafa ta kira ni.

"Azizu, Alhajin ga da ya san yayanka. Mutum mai tireloli ai ya san manya, manya kuwa sun san hanyar daji. Ka samo min lambatai. Ni ba giya nike so ba."

Na ce zan bincika.

Alhamis, la'asar

Alhaji ya tafi Umara. Haka na ce mata. Ta ce madalla, can addu'a ta fi karɓuwa.

Juma'a, da yamma

Na zagaya ta bayan gida na shiga ta katanga. Ba na son bin zauren.

Asabar, bayan mun dawo daga Bunguɗu

Ɗaya daga cikin fasinjojin ya fito. Malam Abdulrahman, tela ne a Bunguɗu. Ni da Kawu muka je.

Zaurensa cike da 'yan barka. Yana jingine da bango, ƙafafunsa a kumbure an naɗe su da tsumma, wuyansa kamar na zakaran da aka fige. Da Kawu ya faɗi ko mu su wane ne, ya sa aka rage mutane.

Ya ce, "Direba. Mai ƙahwa. Mutumin kirki." Ya kalle ni. "Kai na mai kwaikwayo nai? Ya ba mu labarinka. Yac ce akwai wani shaiɗani gida, in ya koma sai ya hwasa mai kai. Mun yi dariya, wallahi. Wurin da ba a dariya."

Ban ce komai ba. Karo na farko ke nan a tarihi.

Ya ce an daɗe da su a wuri ɗaya. Sannan aka tashe su zuwa wani dajin, tafiyar ƙasa, cikin ruwa da taɓo. Shi da wani suka riƙa tallabar Yahaya, hannu a kafaɗa. Suka tsallake rafi. Suka hau wani tudu. Ƙafar ta kumbura har wando ya ƙi ta.

"Sai sunka ce mu aje shi mu wuce gaba."

Kawu ya ce, "Sannan?"

"Munka wuce gaba."

"Ba ku ji komi ba?"

Ya daɗe yana kallon tsumman ƙafarsa. Ya ce, "Ruwa akai, Malam, da tsawa. Ban iya rantsewa ga abin da niji."

A hanyar dawowa Kawu ya sayi rake a tasha. Har muka iso Gusau yana riƙe da shi bai ɓare ba.

Lahadi, azahar

Kawu ya faɗa wa Inna duka. Ta ce tsawa ce.

Litinin, da hantsi

Na fito na tarar Inna ta yi shiri. Hijabin Sallah, takalmin zuwa biki, ƙullin kaya a gefe. Akuyarta ba ta a turke.

Ta ce ta sayar da ita. Ta ce in Alhaji yana Umara ai gidansa bai tafi Umara ba. Za ta je Abuja ta zauna a ƙofar gidan har ya dawo. Mai tireloli ba ya ɓata, kowa zai nuna mata. Yanzu an san wajen tudun, an san rafin, abin da ya rage mai faɗa a ji. In raka ta tasha.

Inna ba ta taɓa wuce Funtuwa ba.

Na durƙusa. Na ce, "Inna, ba Alhaji."

"Na sani, yana Umara."

"Babu shi, Inna. Ba a haife shi ba. Ni ne na kira Mamman Sani. Don kada a huda motar."

Ta kalle ni kamar ina yi mata wani yare. Sai na kumbura kumatu, ba ko goro, na ce, "Da Muhammadu Sani nake magana? Kada wanda ya taɓa motar nan."

Ta ce, "Sake."

Na sake.

Ta ce, "Wallahi kamar mai kuɗi." Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, bai ƙarasa ba. Ta zauna a kan turmi da hijabinta da takalminta. Ta ce, "To ashe ba mai zuwa."

Zuwaira tana tsaye a ƙofar ɗaki da goyo. Inuwar katanga ta janye daga kanmu, rana ta same mu a wurin.

Can Inna ta kwance bakin zane, ta ciro kuɗin akuyar ta miƙo min.

"Tahi ka ce ma Mamman Sani ya sa abin."

Na ce, "Inna, in ya dawo fa?"

"In ya dawo kai ka tuƙa shi. Shi zamna gaba, shi miƙe ƙahwa tai, kamar Alhajin naka."

Talata, da walaha

Na je in yi wa Mamman Sani bayani, ya ɗaga min hannu.

"Alhajin Abuja da akuyar Inna Kulu ka kuka bayanshi? Ni niy yi mata maganin zawo bara, na san muryatta."

Na ce to me ya sa ya jira?

Ya ce, "An ce min in jira, niy jira. Kai kaɗai ka da ɗan'uwa cikin motag ga? Ni ma Yahaya nawa na." Ya juya ya daka wa yaransa tsawa su kawo jak.

Kafin a huda sai an ɗaga shimfiɗar roba ta ƙasan direba. Da ya ɗago ta, a gefen hagu, inda ba feda, robar ta cinye ta yi rami. Siffar dunduniya ce, ta ɗan karkata waje, yadda Yahaya yake ajiye ta. Shekara da shekaru ƙafar tana zaune a nan ba ta aikin komai, sai da ta bar wurin zamanta. Daidai saman wurin kulocin zai sauko.

Mamman Sani ya naɗe robar ya ba ni. Na fita waje kafin su kunna injin huda. Ana jin sa har bakin titi.

Asabar, bayan la'asar

Na yi lodin farko. Tsafe, na dawo, na sake komawa. Ta mutu min sau da yawa a cikin tasha, direbobi suna ihu wai motar Hajiya ta zama namiji ta rasa mai hawa. Na rama, na yi musu muryar shugaban tasha har suka miƙe tsaye. Na wuce Kwatarkwashi idona a kan kwalta.

Na shigo da kwanon shinkafa da mai. Zuwaira ta ɗora tukunya. Inna ta karɓi robar nan ta shiga da ita ɗaki, ban tambaye ta ba.

Tawada ta kusa ƙarewa, bari a faɗi gaskiya. Wanda ya yi wannan rubutu ba Alhaji ba ne, bai taɓa ganin Makka ba sai a jikin kalanda, ba shi da tirela, ba shi da ko baro. Abdulaziz ne, da ake kira Azizu, ɗan Inna Kulu, wanda ya tsaya a izu goma sha wani abu saboda surutu, ƙanen Yahaya direba. Kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe.

Wanda duk ya gamu da wani dogo, baƙi, mai jan ƙafar hagu, a wajen Tsafe ko Mada ko inda Allah ya fitar da shi, ya faɗa masa ƙanensa ya taɓa masa mota. An huda ta, an sa mata abin da ba ya so, ba a tambaye shi ba. Ya zo ya yi faɗa.